Kukan Ƙishirwa da Kukan Albasa

 

Duk shekara in watan Muharram ya kama, malamanmu kan tuna mana dalilin azumin Ashura. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya iso Madina ya tarar Yahudawa suna azumtar ranar, ya tambaya, aka ce masa ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa da mutanensa Banu Isra'ila, ya nutsar da Fir'auna. Sai ya azumce ta, ya kuma umurci a azumta. Wannan ɓangare ko yaron makarantar allo ya san shi: sanda ta daki teku, teku ya tsage, bayi suka tsallake, mai cewa shi ne ubangiji ya sha ruwa ya mutu. Galibi a nan mai ba da labari yake shafa fatiha. To amma wahalar Annabi Musa, alaihis salam, ba a bakin teku ta ƙare ba. Wadda ya sha a hannun jama'arsa bayan an tsallake ta fi tsawo nesa ba kusa ba. A kanta za mu yi magana yau, domin ina ganin ana yawan jawo labarin a jefi wanda bai kamata a jefa ba.

Mu fara da wurin. Zirin Sina'i yana tsakanin Masar da Falasɗinu, girmansa kimanin murabba'in kilomita 60,000, wato jihar Katsina sau biyu da rabi. Har gobe Larabawa suna kiran tudun tsakiyarsa da sunan Tih, wato wurin ɗimuwa. Littafin da ke hannun Yahudu da Kirista, wanda Hausawan Kirista na wajen Malumfashi da Ƙafur suke karantawa da harshenmu, ya nuna cewa daga dutsen da aka yi wa Musa magana zuwa Kadesh, bakin ƙasar da aka yi musu alkawari, tafiyar kwana 11 ce. Ita ce ta zama shekara 40, kamar yadda Suratul Ma'ida ta faɗa.

Abubuwan da suka faru a hanya suna da yawa, kuma masu zuwa tafsiri sun san su. Ƙafarsu ba ta gama bushewa ba suka wuce wasu mutane durƙushe gaban gumaka, suka ce wa Musa su ma ya yi musu irin wannan. Ya tafi ganawa da Ubangijinsa dare 40, kafin ya dawo Samiri ya narka musu kayan ƙawa ya ƙera ɗan maraƙi, sun kewaye shi, saura kaɗan su kashe Annabi Haruna da ya hana. Wasu suka ce ba za su ba da gaskiya ba sai sun ga Allah ido da ido. Waɗannan laifuffuka ne da ba su da kariya, ba kuma za mu daɗe a kansu ba.

Inda nake son mu tsaya shi ne maganar ci da sha. Ku saurara da kyau, jama'a. Suratul A'araf ta nuna cewa mutanen Musa sun nemi ruwa a wurinsa. Me aka ce musu? Ba a kira su butulu ba, ba a ce su yi haƙuri su tuna an raba su da Fir'auna ba. Musa ya roƙi Allah, aka umurce shi ya daki dutse, idanun ruwa 12 suka ɓuɓɓugo, kowace ƙabila da mashayarta, don kada mai ƙarfi ya ture mai rauni a bakin ruwa. Rana ta dame su, aka yi musu inuwa da girgije. Yunwa ta kama su, aka saukar da mannu da salwa. A Littafin Fitowa na Yahudu da Kirista ma, inda aka kawo cewa ƙishirwa ta sa sun taso wa Musa har yana fargabar su jefe shi, ba a hukunta kowa a kan wannan ba. Ruwa aka ba su.

Mannun nan, yadda aka siffanta shi, fari ne ƙanana-ƙanana, yana sauka da raɓar asuba, yana da zaƙi irin na zuma. Kowa ya fita da safe ya tsinci na yininsa, in rana ta yi zafi sauran ya narke. Wanda ya yi haɗama ya ɓoye na gobe, sai ya wayi gari ya tarar ya yi tsutsa yana wari. Salwa kuwa tsuntsu ne mai ƙaura, har yanzu a lokacin kaka yakan tsallako Bahar Rum ya faɗo a gajiye a gaɓar arewacin Sina'i, mutanen wajen Arish suna kama shi da raga. Akwai hadisi a Bukhari da ke danganta ruɓewar nama da Banu Isra'ila, kuma masu sharhi sun ce saboda ɓoyon salwa ne bayan an hana su. Masu tara hatsi a sito suna jiran farashi ya hau, da masu karkatar da buhunan tallafi, wannan ɓangaren nasu ne, su je su nemi malami ya karanta musu.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya san Ƙofar 'Yandaka ya san ta nan hanyar Batsari da Ruma ta shigo birnin Katsina. A da abin da ke biyo hanyar nan buhunan gero ne da masara da dankali da awaki. A shekarun baya-bayan nan kuwa har da mutane ɗauke da abin da ya rage musu a duniya. Za ka ga mace ta sauko daga mota, tabarma a naɗe a ka, tukunya ɗaya da ludayi ƙulle a cikin zane, goyo a baya, wasu yaran suna riƙe da gefen hijabinta. Ta tsaya tana duban titi, ba ta san gabas ba ba ta san yamma ba. In an yi sa'a wani ya nuna mata kango, ta share kashin awaki, ta rataya buhu a madadin ƙofa. Washegari ta fara bin gidaje tana sallama: ko akwai wanki, ko akwai surfe, ko wanke-wanke? Wannan baiwar Allah a garinsu rumbunta ne ke ciyar da baƙo.

Ba daɗi ne ya koro ta ba. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, da yawansu tsofaffi da yara waɗanda ba su iya gudu ba. Ranar 11 ga Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Waɗannan su ne duniya ta ji. Na ƙauyukan bakin dajin Rugu da babu wanda ya rubuta, Allah kaɗai ya san adadinsu: wanda aka sace a gona, wanda ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, garin da aka ɗora wa haraji kafin a bar shi ya girbe abin da ya shuka.

To idan irin wannan mata ta ɗaga murya, ko mijinta ya kira gidan rediyo yana kuka, sai wani da ya ci ya ƙoshi ya ce mutanenmu sun cika ƙorafi, halin Banu Isra'ila ke nan, ba sa godiya. Na sha jin wannan magana a majalisu, wani lokaci har a kan mumbari. Allah gafarta malam, da girmanka da iliminka, wannan ƙiyasi bai hau ba. Kukan matar nan kukan ƙishirwa ne, kuma mun ga amsar da aka ba mai ƙishirwa a cikin Littafi. Addininmu bai taɓa rufe bakin wanda aka zalunta ba. Suratun Nisa'i da ta hana bayyana mummunar magana ta ware wanda aka zalunta. Farkon Suratul Mujadala ya sauka ne a kan Khaulatu 'yar Sa'alaba, macen da ta zo tana jayayya a kan halin da mijinta ya jefa ta, tana kai kukanta ga Allah, kuma aka ji ta daga saman bakwai. Haƙuri gaskiya ne, wajibi ne ma. Amma ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma faɗin inda yake yoyon bai kore haƙuri ba.

Ranku ya daɗe shugabanni, duk mai son ya ari bakin Annabi Musa ya yi wa talakawa faɗa, to ya ari halinsa tukuna. Musa bai yi laifin da ya jawo hukuncin shekara 40 ba, amma bai bar su a jeji ya wuce gaba ba. Abin da suka ci shi ya ci, ranar da ta dake su ta dake shi. Sau nawa suka cancanci halaka ya faɗi yana roƙa musu gafara? A can Haruna ya rasu, a can shi ma ya rasu bai shiga ƙasar ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da ajalinsa ya zo, abin da ya roƙa shi ne a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. Haka Sayyidina Umar a shekarar fari ta 18 bayan hijira ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu, fatarsa ta sauya, yana aika wa gwamnoninsa takarda su turo abinci Madina. Irin wannan shugaba in ya ce a yi haƙuri, kunne yakan saurara. Wanda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 bai ji a jikinsa ba, kwanon masara ya hau bai sani ba sai a jarida, shi kam ya kamata ya yi ta sassauta murya.

Sai dai kada mu talakawa mu ɗauka mun fita. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai kukan da aka yi wa Banu Isra'ila faɗa a kansa, kuma muna da kaso a ciki.

Suratul Baƙara ta kawo cewa sun ce wa Musa ba za su jure abinci iri ɗaya ba, ya roƙa musu ganyaye da kokwamba da adas da albasa da makamantansu. Gaskiya ina tausaya musu a nan. Tambayi matar kangon nan, in an ba ta shinkafar tallafi sati guda, abin da ranta ke so shi ne miyar kukar gidanta da daddawar da ta saba yi da hannunta. Kewar abin da aka saba da shi ɗabi'ar ɗan Adam ce. Abin da ya ɓata maganar tasu shi ne inda ta dosa. Littafin Ƙidaya ya fito da shi fili: sun zauna suna tuna kifin da suke ci a Masar wai a kyauta, da kankana da tafarnuwa, daga baya har suka ce a naɗa wani shugaba a koma. A kyauta! Mutanen da ake yanka 'ya'yansu maza, ake sa su buga tubali daga safe har dare, su ne ke cewa kyauta suke cin kifi. Ciki ya tuna albasa, ya manta bulala.

Wannan ciwo muna da shi. Ta Ƙofar 'Yandakan nan Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903, zamanin Sarki Abubakar, bayan an ci Kano da Sakkwato. Yau za ka ji saurayin da bai ga ko ƙurar Bature ba yana cewa ai gara zamanin Turawa. Bai ji labarin yunwar Ƙaƙalaba ta 1914 ba, wadda ta kashe mutane bila adadin a ƙasar Hausa alhali ana bin su haraji. Bai ji labarin ɗiban gwamna ba, lokacin yaƙin duniya na biyu, da ake tara matasa daga ƙauyuka a kai su haƙar kuza a Jos, sanyi da ciwo suna kashe su. Harajin kai da jangali sai a 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta. Haka a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, yunwar da ta fito da mutane gaskiya ce, ba mai musu. Amma da aka fara ɗaga tutar Rasha a wasu biranen Arewa ana kiran soja su karɓi mulki, sai kukan ƙishirwa ya juye ya zama kukan albasa. Mun yi shekara kusan 30 a ƙarƙashin soja tun daga 1966. Waɗanda suka rayu a lokacin suna nan da ransu, a tambaye su.

Babban laifin kuwa, wanda shi ne ya jawo shekara 40, bai shafi ci ko sha ba. An kawo su har bakin ƙasar, aka ce su shiga. Suka ce akwai ƙarfafan mutane a ciki. Mutum biyu, waɗanda malaman tafsiri suka ce Yusha'u ɗan Nun ne da Kalib, suka ƙarfafa musu zuciya, suka ƙi. Ƙarshe suka ce wa Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Sahabbai sun san nauyin wannan magana, shi ya sa a ranar Badar Miƙdad ɗan Aswad ya miƙe ya ce su ba za su faɗa wa Manzo abin da mutanen Musa suka faɗa ba, har fuskar Manzo ta yi haske.

Wa ke zaune a yau? Mu ne na cikin ganuwa. Shekara da shekaru muna jin Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa a rediyo kamar labarin wata ƙasa, mu ce Allah ya kyauta, mu ci gaba da shan shayi. Mu ce gwamnati ta je ita da sojojinta. Amma man fetur ɗin da baburan daji ke sha daga gari yake fita. Burodi da ƙwaya da katin waya daga gari suke fita. Infoman 'yan bindiga ba daga sama yake faɗowa ba, ɗan wani ne, maƙwabcin wani ne, kuma sau da yawa an san shi, ana tsoron faɗa ko ana cin moriyarsa. Ban ce kowa ya ɗauki makami ba, ɗaukar doka a hannu ta riga ta ƙara mana wuta, ta ci marasa laifi daga kowane ɓangare, Hausawa da Fulani. Abin da nake cewa shi ne kowa yana da ƙofar da aka ce ya shiga: mai shaida ya ba da shaida, alƙali ya hukunta wanda aka kama, ɗan kasuwa ya san wa yake sayar wa kaya, mai ƙuri'a ya daina sayar da ita a kan taliya da sabulu sannan ya dawo yana kuka shekara huɗu.

Wasu masu tafsiri sun ce a cikin Tih mutanen kan wuni suna tafiya, da yamma su tarar da kansu a inda suka taso. Mu ma mun san wannan tafiya. An yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, ya warware a 2020. A 2021 aka rufe kasuwannin dabbobi da wasu hanyoyi, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, daga baya aka buɗe. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasa suka shiga, wasunsu sun ba da rayukansu, Allah ya jiƙansu. Aka sake komawa teburin sulhu a wurare da dama. Duk inda aka samu sauƙi muna godiya ga Allah, muna kuma yaba wa wanda ya yi ƙoƙari. Amma ma'aunin guda ne: manomi ya kwana a gidansa, ya je gonarsa ta nesa, ya dawo bai biya kowa ko sisi ba.

Kada kuma wani ya ɗauka an ba mu labarin nan ne don mu zagi wata al'umma. Suratul A'araf da kanta ta shaida cewa a cikin mutanen Musa akwai jama'a masu shiryarwa da gaskiya. Kuma a kan hanyar Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Manzo ya sanya musu bishiyar rataya makamai irin ta mushrikai, ya ce wannan ai irin roƙon mutanen Musa ne. In abin ya iya faruwa a cikin wannan runduna, mu su wa? Yahudawa su da kansu ba su goge laifin kakanninsu daga littafinsu ba, suna karanta shi duk shekara, har suna da idin da suke kwana bakwai a bukkoki don tuna zaman jeji.

Ibn Khaldun, masanin tarihin nan da aka haifa a Tunis a 1332, ya yi wani bayani a Muƙaddimarsa da ya kamata kowane mai mulki ya sani. A ganinsa hikimar shekara 40 ita ce tsarar da ta tashi cikin ƙasƙancin bauta ta ƙare, wata ta taso wadda ba ta san sunkuyar da kai ga Fir'auna ba. Waɗannan yaran jeji su ne suka shiga ƙasar a bayan Yusha'u. Amma a lura, ba iska ce ta rene su ba. Sun tashi Attaura tana hannunsu, annabawa biyu suna tsakaninsu, ga ci ga sha.

Jihar Katsina, da aka ƙirƙira ranar 23 ga Satumban 1987, a 2027 take cika shekara 40. Mu ma muna da yaran jeji. Yaron da aka goyo aka shigo da shi ta Ƙofar 'Yandaka shekarun baya, yanzu ya isa aike. Abin da ya buɗe ido ya gani shi ne an kashe ubansa ba a kama kowa ba, uwarsa tana bara, mai bindiga ne ke da babur da kuɗi. Ba ya boko, ba ya allo, yana yawo da roba tsakanin tasha da bakin kasuwa. Shekara goma masu zuwa shi ne zai zama ko dai mai gadin garin nan ko abin tsoronsa, kuma yau ake yanke wannan hukunci.

Saboda haka kirana ga masu unguwanni da limamai da attajiran Ƙofar 'Yandaka da kewayenta, har zuwa Ƙofar Guga da Ƙofar Ƙwaya: a bi kangayen unguwa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan kowane yaro da ke kwana a ciki, a kai shi makarantar firamare mafi kusa da Islamiyyar unguwa, a ɗauke wa uwarsa kuɗin riga da littafi. Masallacin da ke iya tara kuɗin tayil da fanka zai iya wannan. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha kuma ta ba shugabannin makarantu umurni a rubuce cewa kada a mayar da ɗan gudun hijira don ba shi da takardar haihuwa ko ta canjin makaranta. Wannan ba ya jiran sulhu, ba ya jiran kasafin kuɗi, ana iya fara shi ranar Litinin mai zuwa.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa.